Kafin A Kafa Ƙarfen Sabis A Bayan Gidanka

A makon jiya aka kira ni zaman sulhu a unguwarmu. Wani dattijo ya bai wa wani kamfani hayar filinsa domin a kafa ƙarfen sabis, maƙwabta suka ce ba su yarda ba. Sa'o'i biyu aka kwashe ana ja-in-ja a kan ƙarar janareta, da hayaƙi, da cutar da ake cewa na'urorin suna jawowa, da tazarar da za a bari tsakanin ƙarfen da katangar mutane. Wannan ta ƙarshe tsohuwar rigima ce, domin ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta shekarar 2009 mita 5 ta ce, ita kuwa hukumar muhalli ta NESREA a 2011 ta ce mita 10. Babu wanda ya ambaci abin da ya dame ni. Filin nan kududdufi ne da muka yi iyo a cikinsa muna yara, aka yi shekaru ana zuba masa shara da ɓaraguzan gini har ya cika.

Yawancinmu muna ɗauka nauyin ƙarfen ne abin tsoro. Ba haka ba ne. Ƙarfe mai tsawon mita 45 bai kama ƙafar gidan sama mai hawa ɗaya a nauyi ba. Abokiyar gabarsa iska ce. Idan guguwar farkon damina ta taso daga gabas ta doke shi, ƙafafunsa na yamma sai su danna ƙasa, na gabas kuwa a fizge su sama, kamar yadda ingarma ke fizgar turke. Ƙarfin iska kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudunta ya ninka sau biyu, bugunta ya ninka sau huɗu. Saboda haka harsashin irin wannan ƙarfe aikin turke yake yi, kuma nagartar turke tana ga ƙasar da aka kafa shi.

Ƙasar Arewa kuwa ba iri ɗaya ba ce. A sassa da yawa na Kano da Zariya, in ka haƙa kaɗan za ka tarar da marmara, a ƙarƙashinta dutse, injiniya ya samu abin da yake so. Rairayin jigawa yana ɗaukar danni amma ba ya riƙo sosai, sai an zurfafa an faɗaɗa. Wadda ta fi yaudara ita ce baƙar lakar da mutanen Borno ke kira firki, irin ta Dikwa da Marte da Ngala. Da rani tauri gare ta kamar dutse, tana tsattsagewa har hannu ya shiga. Ruwa na sauka sai ta kumbura ta ɗaga abin da aka ɗora mata, in ta bushe ta sake shi. Wanda ya duba ta da ido a watan Maris ya yanke hukunci, a watan Agusta zai ga wata ƙasa dabam.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya iya. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaiɗai yana da nauyin kilo 2,400. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya shanye shi, ruwan zai rage masa kilo 1,000 na nauyin da yake danne ƙafar ƙarfen da shi. Ke nan a fadama ko tsohon kududdufi, harsashin yana yin sauƙi ne a daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi. Ƙara da wannan: tun wajen 2014 da manyan kamfanonin waya suka sayar da ƙarafansu ga kamfanonin haya, ƙarfe ɗaya kan ɗauki na'urorin kamfani biyu ko uku. Kowane faranti da aka ƙara a sama, ƙarin wurin kamun iska ne, alhali abin da aka binne a ƙasa yana nan yadda yake.

Ban ce ba a gini a irin wannan fili ba. Ana yi, amma sai an huda ƙasar an ɗebo samfur daga zurfi dabam-dabam, an kai ɗakin gwaji, an san inda ruwa yake tsayawa da damina. Daga nan ne za a san ko faffaɗan daɓen kankare guda zai wadatar, ko sai an kafa ginshiƙai sun ratsa sharar sun taka ƙasa ta asali. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a nan ne ɗan kwangila yake jin ƙaiƙayin rage rodi da siminti, tunda da an mayar da ƙasa ba mai sake gani.

Da aka ba ni dama, sai na tambayi wakilin kamfanin takardar gwajin ƙasa, mai hatimin injiniyan da ke da rajista da COREN. Ya ce tana babban ofishinsu. Mai filin ya ɗan yi shiru, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, ai a daidai wurin nan muka riƙa kama tarwaɗa." Mai unguwa ya ɗage zaman zuwa ranar da takardar za ta iso, ya ce kafin nan kada a sa diga a filin.