Manyan Motocin Jif: A Riƙa Auna Suna Da Lissafi

A watan Oktoba na shekarar 2023, lokacin da labari ya bazu cewa za a saya wa 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa manyan motocin jif, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kuɗin kowace ɗaya ya tasam ma Naira miliyan 160, hujjar da masu kare cinikin suka kafa ita ce hanyoyinmu sun lalace, kuma babu motar da za ta jure musu har shekara huɗu sai irin waɗannan. An yi ta cacar baki a kan dacewar kashe wannan dukiya alhali talaka yana kukan tsadar rayuwa, amma kusan babu wanda ya tsaya ya auna hujjar ita kanta. Dalili kuwa shi ne yawancinmu mun riga mun yarda da ita. Ɗan kasuwar da ya sami buɗi a Legas ko Abuja ko Fatakwal, da ɗan kwangilar da aka biya shi kuɗin aikinsa, duk da wannan hujja suke shiga wurin dillalin motoci, wato cewa mota mai jan ƙafa huɗu, in dai ta yi tsada kuma ta yi suna, to, ba za ta ba mai ita kunya a hanya ba.

Ra'ayina shi ne wannan magana rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai cin dukiya.

Da farko ya kamata mu tuna yadda waɗannan motoci suka sami sunan da ake sayar da su da shi. An fito da Land Rover a Ingila a shekarar 1948 domin aikin gona da shiga jeji, kuma iyayenmu sun san Landiroba a hannun 'yan sanda, da malaman gona, da ma'aikatan asibiti masu zagaya ƙauyuka. Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera tasa a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, kuma ya zuwa 2019 kamfanin ya ba da sanarwar cewa ya sayar da fiye da miliyan 10. Ita ma G-Wagen ta Mercedes, wadda ta fito a 1979, asalinta motar soja ce da aikin ƙarfi. A maƙwabciyarmu Chadi, irin rawar da a-kori-kurar Toyota suka taka a yaƙin da aka gwabza da Libiya a 1987 ta sa har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan motar.

Abin lura a nan shi ne motocin da suka kafa wannan tarihi ba su da wani ƙawa. Inji ne mai sauƙin sha'ani, da sifirin na ƙarfe, da giyar hannu, da wayoyin lantarki 'yan kaɗan waɗanda bakanike zai iya bi da ido. Idan ta tsaya a daji, direba mai sifana da filaya yakan lallaɓa ta ta kai gari. Daga baya ne, bayan fitowar Range Rover a 1970, sannan Lexus LX a tsakiyar shekarun 1990, aka mai da jif ta zama falon attajiri mai tafiya a kan taya. Motar alfarma ta yau ta gaji sunan kakarta, amma ba lallai ne ta gaji halinta ba.

Ƙa'ida ce da kowane mai masana'anta ya sani, cewa duk abin da aka ƙara wa na'ura, an ƙara mata wurin lalacewa. Alal misali, tun farkon shekarun 1990 Range Rover ta koma amfani da jakunkunan roba masu cike da iska a madadin sifirin na ƙarfe, tare da famfo da na'urorin awo masu ɗaga motar ko sauke ta. Wannan ya sa tafiya a cikinta ta yi daɗi ƙwarai. To, amma roba tana tsufa, zafi da ƙura kuma suna gaggauta tsufanta, kuma ranar da jaka ɗaya ta huje, motar durƙushewa take yi kamar raƙumi. Haka nan jif ɗin zamani tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci barkatai masu kula da inji, da giya, da birki, da ƙofofi, har da kujeru. Ɗaya daga cikinsu ta rikice, sai mota lafiyayya ta ƙi tashi, kuma ba mai gane ciwon sai wanda yake da na'urar binciken da ta dace da ita.

Akwai masu auna waɗannan al'amura da alƙaluma. Kamfanin J.D. Power na Amurka yakan tambayi masu motocin da suka shekara uku a hannu, ya ƙidaya yawan matsalolin da aka samu a cikin kowace mota 100. A irin wannan bincike, an sha ganin Lexus da Toyota a sahun gaba, an kuma sha ganin Land Rover can kusa da ƙarshe, duk da cewa tana cikin mafiya tsada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsada da aminci ba tagwaye ba ne. Sai dai mai karatu ya yi hattara da jadawalin, domin a Amurka aka yi awon, inda hanya take shimfiɗe, mai yake da tsabta, kuma wakilin kamfani yake kusa. Bugu da ƙari, ana lissafa rikicewar allon rediyo a matsayin matsala ɗaya, kamar yadda ake lissafa ciwon inji. Mai tafiya tsakanin Lokoja da Okene da dare ya san ba ɗaya suke ba.

Kada kuma a ɗauka cewa wanda ya yi suna da aminci ya fi ƙarfin kuskure. A watan Janairu na 2024, Toyota ta dakatar da fitar da wasu nau'o'in motocinta masu amfani da man gas, ciki har da Land Cruiser 300 da Hilux, bayan an gano cewa an saɓa ƙa'ida wajen gwajin ƙarfin injinansu. A cikin wannan shekara kuma ta yi kiranye ga motoci wajen 102,000 a Amurka, ƙirar Tundra da Lexus LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfen da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, har ta ɗauki nauyin sauya injinan. Shi wannan inji sabo ne, mai silinda shida da tabo biyu, wanda ya maye gurbin tsohon mai silinda takwas da aka sani da juriya. Abin yabo ne kamfani ya amsa laifinsa ya gyara. Amma tambayar da ta shafe mu ita ce, wanda ya sayi irin wannan mota ta hannun ɗan kasuwa mai shigo da kaya, ba ta hannun wakilin kamfani ba, wa zai aiko masa da takardar kiranye, kuma wa zai sauya masa inji kyauta?

Wannan ya kawo mu ga ainihin maganar. A ƙasa irin tamu, amincin mota ya dogara ne a kan abubuwa uku da suke wajen motar: kayan gyara, da gwanin gyara, da man da za ta sha. Dattawan 'yan kasuwa za su tuna da Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ita ma tana lalacewa kamar kowace mota. Abin da ya sa aka amince da ita shi ne duk garin da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta, akwai kuma shagon da yake da abin da ya lalace. A yau Toyota ce ta gaji wannan matsayi. Wanda ya shiga kasuwar Ladipo a Legas, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar kayan gyara ta Nnewi, zai ga cewa kayanta ne suka cika rumfuna, sabo da na hannu. Wasu manyan motocin Turai kuwa, sai an yi odar ɗan ƙaramin abu daga waje, mota tana zaune a gareji ana lulluɓe ta da tamfol har kayan su iso. Na san wani ɗan kwangila da babbar motarsa, wadda ba zan ambaci ƙirarta ba, ta yi sama da wata guda a gareji saboda na'urar awo da ba ta kai girman ashana ba, shi kuwa yana biyan hayar wata motar kullum don zuwa duba aikinsa.

Batun mai ma haka yake. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da man fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, masu motoci a Legas da Abuja suka yi ta kokawa, aka kuma shiga dogon layi kafin a janye shi. Tsohon inji yakan sha gurɓataccen mai ya yi tari ya wuce. Injin zamani, musamman na man gas mai fesa mai da matsanancin ƙarfi, ba ya yafe ruwa ko datti ko kaɗan, kuma motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da matatar hayaƙi wadda takan toshe idan man yana da farar wuta da yawa. Saboda haka mota guda, mai suna guda, tana iya zama amintacciya a Jamus ta zama jarrabawa a Gusau.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne sana'ar mai karanta wannan shafi. Mota jari ce mai narkewa, kuma kuɗinta kashi huɗu ne: kuɗin saye, da kuɗin riƙo kamar mai da gyara da inshora, da hasarar ranakun da ta zauna, sannan a cire abin da za a samu ranar sayarwa. Yawancin masu saye kashi na farko kaɗai suke dubawa. Bari mu buga misali don fahimta kawai. A ɗauka cewa an sayi motoci biyu, kowace a kan Naira miliyan 100, bayan shekara huɗu aka yi tayin ɗaya miliyan 60, ɗayar kuwa miliyan 35 saboda masu saye suna tsoron gyaranta. Ta biyun ta fi ta farko tsada da miliyan 25 tun kafin a yi maganar gareji. Kasuwar motocin hannu ba ta karanta talla, kuma farashin da take bayarwa shi ne hukuncin dubban mutanen da suka riƙe motar suka ɗanɗana.

Haka kuma lissafin ya ƙara nauyi tun daga 2023. Cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 a cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, alhali jif ba ta san tsimin mai ba. Sakin Naira a watan Yuni na 2023 ya kai Dala daga wajen Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024, duk wani kayan gyara na waje kuma da Dala ake sayo shi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, a irin wannan lokaci, kowace Naira miliyan 100 da ya ɗaure a mota yana biyan bashin banki a gefe guda, tana cin sa sama da miliyan 27 a shekara ko da ba ta motsa daga inuwa ba. Wanda ba ya hulɗa da bashin ruwa ma bai tsira ba, domin ribar da kuɗin za su jawo a hatsi ko atamfa ita ce ya sadaukar.

Ban ce kada a sayi jif ba. Mai gona a Mambila, da mai aikin hanya a Neja Delta, da mai zirga-zirga a hanyoyin da damina ta cinye, duk suna bukatar mota mai tsayi mai jan ƙafa huɗu. Na kuma san cewa a kasuwancinmu ana yi wa mutum kallo da abin hawansa, har wani lokaci mota takan buɗe ƙofar ofis. Wanda ya sayi mota don martaba, ya rubuta ta a littafinsa a matsayin kuɗin martaba, ya san kuma cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya ruɗi kansa cewa aminci ya saya.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce ya fara da gareji kafin ya je wurin dillali. Ya tambayi makanikai biyu ko uku wace ƙira ce, kuma ta wace shekara, ta fi zama a wurinsu, domin amincin kamfani ɗaya yakan bambanta daga inji zuwa inji. Ya shiga kasuwar kayan gyara ya ji kuɗin shokozoba, da famfon mai, da fitilar gaba, ya kuma ji ko akwai su a ƙasa. Ya binciki wace kasuwa aka ƙera motar dominta. In ta hannu ce daga Amurka, ya sa a duba tarihinta da lambar jikinta, saboda ana gwanjon motocin da ambaliya ta shanye ko suka yi mummunan haɗari, a gyara fuskarsu a turo mana, ruwa kuwa in ya shiga wayoyin mota ciwonsa ba ya ƙarewa. In sabuwa ce, ya nemi garanti a rubuce daga wakilin da kamfani ya sani. Idan kuma aikin ƙarfi ne zalla, ya tuna cewa ƙirar Land Cruiser 70 da aka fito da ita a 1984 har yanzu ana ƙera ta, don kawai masu haƙar ma'adinai da ƙungiyoyin agaji sun ƙi rabuwa da sauƙin sha'aninta.

Daga ƙarshe, wannan ma'auni ya hau kan hukumomi fiye da kowa, tunda da dukiyar jama'a suke saye. Duk ma'aikatar da ta ce ta zaɓi mota don juriyarta, to, ta fito da lissafin abin da ta kashe a kan irinta cikin shekara huɗu da suka wuce, da nawa ta sayar da ita. Ɗan kasuwa kuwa, da ya saba ƙin karɓar kaya sai ya kwance dila ya gani, bai dace ya miƙa miliyoyinsa saboda tambarin da ke goshin mota ba. Allah ya sa mu dace.