MOTA DA HANYA: Gudu Muke Saye Ko Suna?

A watan jiya na yi muku alkawarin za mu yi bayani a kan yadda ake gane tayar da ta daɗe a shago kafin a saya, to amma ku yi mini afuwa, wata magana ta taso a gidanmu wadda na ga ya kamata mu tattauna ta tare, domin na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ɗan yayata ne, wanda ya shekara tara yana tuƙin tasi a Amurka, ya bugo mini waya cikin dare. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Kawu, na ɗan tara abin da na tara, kuma ina so in zo Babbar Salla da motar da in na shigo Nima kowa zai san na dawo. Kai da ka san mota, a cikin motocin gudun nan masu ƙofa biyu wacce ta fi?" Na ce masa, "Ɗana, ba ni kwana uku." Dalilin neman kwana ukun kuwa shi ne, mahaifiyarsa har yau a ɗakin haya take, kuma gumin shekara tara ba abin da za a ba da shawara a kansa da ka ba ne. Saboda haka na zauna na ɗauki takarda da alƙalami, na auna motocin nan ta fuska uku: gudu, kuɗi, da kuma abin da mai saye zai samu a madadin kuɗinsa. Ga abin da na samu.

Mu fara da gudu, tun da shi ne samarinmu suke musu a kai a wurin shan shayi. A shekarar 1987 kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya ya fito da F40 don bikin cikarsa shekara 40, kuma ita ce mota ta ƙarshe da tsoho Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin rasuwarsa a 1988. Tana cin kilomita 324 a awa ɗaya. A 1998 wani direba Bature mai suna Andy Wallace ya kai McLaren F1 ta Ingila kilomita 386 a filin gwajin motoci na Ehra-Lessien da ke Jamus. A 2005 Bugatti Veyron ta zo da inji mai silinda 16 da ƙarfin doki 1,001, ta yi kilomita 407. A 2019 Wallace ɗin nan dai ya sake komawa filin da Bugatti Chiron Super Sport 300+, ya yi kilomita 490. Sai ga shi a watan Satumba na 2025 wata motar lantarki ta ƙasar Sin, Yangwang U9 Xtreme ta kamfanin BYD, ta yi kilomita 496 a filin Papenburg, shi ma a Jamus. Wato cikin shekara 38 an ƙara kilomita 172.

To, ga gudu mun gani. Nawa ake sayar da shi? A nan ne lissafin ya ba ni mamaki. Chevrolet Corvette ta Amurka, ƙirar 2020, an fara sayar da ita dala 59,995, kuma tana yin kilomita 312 a awa, wato kilomita 12 kacal ke tsakaninta da F40 wadda a zamaninta sai attajiran duniya. In ka raba kuɗinta da gudunta, kowace kilomita ɗaya ta tashi a kan ƙasa da dala 200. Babbar yayarta kuma, Corvette ZR1 ta 2025, mai ƙarfin doki 1,064, tana yin kilomita 375, an kuwa sa mata dala 174,995. Ka ga an ƙara maka kilomita 63, an karɓi ƙarin dala 115,000, wato kowace kilomitar da aka ƙara ta haura dala 1,800. Daga nan in ka ce sai Chiron Super Sport 300+, to guda 30 kawai aka ƙera, kowace a kan yuro miliyan uku da rabi, kuma waɗanda aka miƙa wa masu saye an ɗaure musu gudu a wajen kilomita 440. Ƙarin kilomita 65 ke nan a kan ZR1, kowace ɗaya a kan fiye da dala 50,000. Kilomita 300 na farko su ne masu araha, kowane taki bayansu kuwa da zinariya ake auna shi.

Mai karatu zai ce, me ya kawo wannan tsada haka? Rabin amsar tana wurin iska. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar lori tana gudu ya san iska tana turewa. In mota ta ninka gudunta sau biyu, turin iskar sau huɗu yake ninkuwa, ƙarfin injin da ake bukata don keta ta kuwa sau takwas. Shi ya sa Corvette mai doki 495 ta kai 312, amma sai da aka ninka dawakin fiye da sau biyu kafin a samu ƙarin 63. Babban inji kuma zafi yake haifarwa, zafi yana son na'urorin sanyaya, gudu yana son taya ta musamman da birki na musamman, kowanne da kuɗinsa. Ita Veyron, in ta miƙe a iyakar gudunta, tankinta mai cin lita 100 yana ƙarewa cikin kimanin minti 12. Kafin ma ta yarda ta yi wannan gudu sai direba ya tsaya cak, ya sa wani mabuɗi na biyu a gefen kujerarsa, motar ta ƙara kwantawa ƙasa.

Ɗaya rabin amsar kuwa ba ruwansa da inji. Suna ne da ƙaranci. Ku duba kasuwar gwanjon tsofaffin motoci ku gani. McLaren F1 guda 106 kawai aka yi a duniya, direbanta a tsakiya yake zama, an kuma shimfiɗa wa ɗakin injinta takardar zinariya don kare zafi. A watan Agusta na 2021 an yi gwanjon ɗaya a Amurka a kan fiye da dala miliyan 20. Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 a farkon shekarun 1960, an sayar da ɗaya dala miliyan 48 da ɗoriya a 2018. Wadda ta fi su duka ita ce Mercedes 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, wadda biyu ce tak aka yi: a watan Mayu na 2022 an saye ɗaya yuro miliyan 135. To abin lura shi ne, Corvette ta dala dubu sittin za ta bar wannan Marsandi a baya in aka sa su tsere. Ashe wanda ya biya miliyan 135 ba gudu ya saya ba, ya sayi abin da babu mai irinsa ne.

Wannan shi ne abin da samarinmu ba su cika lura da shi ba idan suna cewa motar gudu jari ce. Motar da take ƙara daraja ita ce wadda aka yi 'yan kaɗan, ita ma sai in an ajiye ta a ɗaki an lulluɓe, ba a hawa sai jefi-jefi, da takardun gyaranta cif. Wadda aka yi dubbai kuwa, irin wadda kuɗin ɗan tasi zai iya kaiwa gare ta, hukuncinta ɗaya da na kowace mota: daga ranar da ta bar shago take fara zubar da kuɗi. Corvette tun a 1992 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Porsche 911 ta Jamus, wadda aka fara nunawa a 1963, ta cika miliyan ɗaya a 2017, ko da yake ita an san ta da riƙe kuɗinta fiye da yawancin sa'o'inta, saboda ƙarko da kuma yawan masu nemanta.

Kada a ce na ƙi motocin nan ne. Ni ma ina son su, kuma in gaskiya za a bi, kowace da inda ta yi fice. In gudu tsantsa ake nema a kan kuɗi kaɗan, a cikin waɗanda na auna Corvette ce ta ɗaya. In ana son wadda za a hau kullum a kuma sayar ba tare da babbar asara ba, 911 ce. In kuwa daɗin tuƙi ake so, akwai 'yar ƙaramar Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989 a kan kimanin dala 14,000, ta kuma haura miliyan ɗaya a 2016. Ba ta da gudun a zo a gani, amma ba ta da nauyi, tana jin sitiyari, injinta kuma mai silinda huɗu ne irin wanda fitocinmu suka saba da shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma a nan ta yi.

Yanzu sai mu dawo gida, domin ba a Jamus ɗan yayata zai tuƙa motar ba. Filin Ehra-Lessien yana da miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 9, babu akuya, babu mai talla, babu tirela da ta mutu ba fitila. Mu kuwa babbar hanyarmu ta Ankara zuwa Tema, wadda aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, tsawonta duka kilomita 19 ne, kuma doka ba ta yarda a wuce kilomita 100 a awa a kanta ba. A kan gudun doka, minti 11 da 'yan daƙiƙu za ka yi. In ka yi hauka ka taka 300 tun daga farko har ƙarshe, za ka yi kusan minti 4. Ribarka duka ba ta kai minti 8 ba, kuma kana isowa Tetteh Quarshie za ka tarar da layin motoci, tsohuwar trotro ɗin da ka wuce ta zo ta tsaya a gefenka.

Ga kuma abin da za ka saka a caca don minti takwas ɗin. Motar da ke gudun 100 tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa, mai gudun 300 kuwa mita 83. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka ta taka birki ka kusa cinye filin ƙwallo, bayan ka taka kuma tazarar da za ta ja kafin ta tsaya ta ninka ta mai gudun 100 sau tara. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata, a kan hanya kuwa abin da yake haifarwa ya fi nawa muni.

Sai kuɗin da ba a rubuta a jikin gilashi ba. Akwai kuɗin jirgin ruwa, akwai na kwastan a tashar Tema, wanda yake hawa gwargwadon darajar mota da girman injinta, injin Corvette kuwa lita 6.2 ne. In ka ce za ka sayi tsohuwa don sauƙi, wadda ta haura shekara goma da ƙira akwai tara a kanta. Cikin motocin nan bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga kwatoci da ramukan damina. Tayarsu mai faɗi ce marar kauri, rami ɗaya ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa ƙarfenta. In wani abu ya lalace, ka zaga Abossey Okai ko Magazin na Suame a Kumasi, za ka samu kayan Toyota da Nissan da Hyundai tuli, amma nata sai an aiko daga waje, motar tana zaune a ƙarƙashin tampol wata da watanni. Ranar da ka gaji ka ce za ka sayar, masu iya saye ba su da yawa, kuma sun san a matse kake.

Da kwana ukun suka cika na kira shi na karanta masa lissafin nan duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, to ni ba gudun ne ya dame ni ba, so nake a san ban yi zaman banza a can ba." Na ce, "Madalla, yanzu ka faɗi abin da kake son saye. Ɗana, suna kake nema, kuma ba laifi ba ne. Amma sunan da mota take kawowa na kwana uku ne, ana gama hawan Salla ka koma, ita kuma ta zauna tana tsatsa. In kana marmarin jin yadda motar nan take, a can inda kake akwai masu ba da hayarta, akwai filayen tsere da ake biya a shiga a taka iya son rai, da hular kwano da motar asibiti a gefe. Ka je ka yi kwana ɗaya ka kashe ƙishirwarka. Sauran kuɗin kuwa ka sa bulo a kan bulo, ka fitar da Yaya daga gidan haya. Duk wanda ya wuce ƙofar gidan nan shekara talatin masu zuwa zai tambaya na wane ne."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce zai yi tunani. Amma shekaranjiya Yaya ta aiko mini da goro, ta ce yaron ya tambaye ta nawa ake sayar da fili a wajen Kasoa. Allah ya sa ya ɗore.

Ku kuma 'yan'uwa da ke da 'ya'ya ko ƙanne a Turai da Amurka, in irin wannan waya ta same ku, kada ku yi faɗa, ku ɗauki alƙalami ku yi lissafi tare da su. Mai wata tambaya a kan mota ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Maganar taya kuma tana nan, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, amin.