Kuɗin Wa Ka Kai Gida?

'Yan uwana ɗalibai, mu daina yi kamar ba mu sani ba. A hostal da ɗakunan haya, daga Unguwar Sarki zuwa Tudun Wada, kartar da muka saba yi don hira ta fara komawa ta kuɗi. Da Whot aka fara, ɗari biyu ɗari biyu. Yanzu wasu sun koyi foka a waya, har suna shirya 'yar gasa ranar Asabar da dare: kowa ya zuba kuɗin shiga, a yi ta fitar da juna, wanda ya rage ya kwashe. Cikin masu zama a wannan tabarma akwai waɗanda gari na wayewa za ka gan su a coci, wani ma a cikin mawaƙa.

'Yan uwanmu Musulmi ba su da doguwar muhawara a nan, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana caca kai tsaye. Mu Kirista ne muke ta ja-in-ja, kuma da mu nake magana, ko da yake kowa na iya tsintar nasa.

Masu wasan suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, su ce maka: "Nuna mini ayar da ta hana." Gaskiya Littafi Mai Tsarki bai ambaci karta ba. An jefa ƙuri'a wajen zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni sura 1, sojoji kuma sun jefa ƙuri'a a kan rigar Yesu a Yohanna sura 19. Ikilisiyoyi ma ba bakinsu ɗaya ba. Yawancin fastocinmu a nan Arewa sun hana, amma Katekizim na Cocin Katolika, a sakin layi na 2413, bai ɗauki wasan sa'a a matsayin zalunci a kan kansa ba, sai idan ya raba mutum da abin da zai biya bukatarsa da ta waɗanda ke kansa.

Hujja ta biyu, su ce foka ba irin Bet9ja ba ce, akwai lissafi da haƙuri da karanta mutum. Wannan ma na yarda. Wanda ya iya yakan fi wanda bai iya ba idan wasa ya yi tsawo. Burgar da ake yi da katin banza ma ba zan kira ta ƙarya ba, tunda kowa ya zauna da sanin cewa tana cikin dokar wasan, kamar yadda ɗan ƙwallo ke nuna hagu ya bi dama.

To ina matsalar? Tana cikin tambayar da ba a son yi: kuɗin da ka ci, daga aljihun wa suka fito?

Labarin da masu foka suka fi so shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta a Amurka da ya shiga ta gasar intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya je Las Vegas a 2003 ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar duniya. Abin da ba a cika faɗa ba, mutum 839 ne suka shiga, kujerar kowa dala 10,000, kuma mafi yawansu sun tashi ba ko sisi. Ladarsa kuɗinsu ne. Teburin karta ba ya noma, ba ya ƙera komai, hannu kawai kuɗi ke sauyawa.

Mu dawo gida da lissafin. A ce mutum goma sun zuba naira 2,000 kowanne, an tara 20,000. Mai ɗaki ya cire 2,000, na ɗaya ya ɗauki 12,000, na biyu 6,000. Takwas sun tafi hannu rabbana. Su waye takwas ɗin? Ba attajirai ba ne. Ɗan ajinka ne da babarsa ta sayar da masara a ƙauye ta turo masa kuɗin abinci. Ɗan ND 1 ne da ya taɓa kuɗin rajista yana cewa zai mayar. Sharaɗin nan na Katolika, wanda shi ne mafi sassauci, a nan ya faɗi, don ɗalibi nawa ne cikinmu ke da rarar kuɗin da zai ɓata bai ji a cikinsa ba?

Gwaninta kuma ba ta wanke ka, ƙara maka nauyi take yi. Gwani ba ya neman gwani ɗan uwansa, sabon shiga yake nema, da wanda ya hasala yana son ya rama. Wato ribarka tana wajen raunin maƙwabcinka. Haba ɗan uwa! Ranar Lahadi ka riƙe hannunsa kuna addu'a, ranar Asabar kana jiran ya rikice ka kwashe masa kuɗin garin kwaki? Manzo Bulus, a Afisawa sura 4, ya ce mutum ya yi aiki da hannunsa don ya sami abin ba mabukaci. A 1 Korintiyawa sura 8 kuma ya nuna cewa ko abin da kake da 'yancin yi, ka bar shi idan zai sa ɗan uwa mai rauni tuntuɓe. Wataƙila kai kana iya tashi idan ka ga dama. Shi fa da ya koya a wurinka, ya koma yi shi kaɗai a waya da ƙarfe biyun dare?

Kada mu jira hukuma ta raba mu da wannan. A watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta bar wa jihohi ikon, Hisbar Kano kuma ta matsa wa shagunan caca. Amma babu jami'in da zai shigo ɗakinka ko wayarka. Lamirinka ne kawai mai gadi.

Ba cewa nake a ƙona karta ba. Idan da gaske lissafin da dabarar kake so, ga gwaji mai sauƙi: ku yi gasar da marafan kwalba ko tsinken ashana, ba ko kwabo, wanda ya ci a yi masa tafi. Ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin zumunta ma za su iya shirya irinta a fili, da dara da ludo. In wasan ya ci gaba da yi maka daɗi, wasa kake so. In kuwa ya yi lami, to ka gane abin da ke kawo ka tun farko, kuma shi ne abin da Bulus ya gargaɗi Timoti a kansa.

Wanda kuma ya riga ya nutse, bashi ya hau kansa, kada kunya ta kashe shi. Ya sami fastonsa ko wani babba da ya yarda da shi kafin lokacin rajista ya zo. Mu kuma da muka ji, mu rufa masa asiri, mu taimaka. Kai da ka ci kuɗinsa makon jiya, ka san ƙofar ɗakinsa.