Kumbon da Ya Suma, Farfaɗo da Shi Ake Yi

Mun gaji da wata kasala da ta zama jiki ga masu fassara mana labaran kimiyya. Duk abin da ya lalace aka mai da shi bakin aiki, sai su ce an gyara. Keke ya yi faci, an gyara. Kumbo ya mace a sararin samaniya an tashe shi, shi ma an gyara. Wasu kuwa, 'yan boko irinmu, sai su jefo kalmar Turanci su wuce, wai Hausa ba ta kai can ba. Mu dai ba mu yarda ba.

A dubi abin da ya faru da Salyut 7, tashar Tarayyar Sobiyet. A watan Fabrairu na 1985 ta yi shiru, babu kowa a cikinta. Wata 'yar na'ura ce ta ɓaci, batura suka daina samun caji daga faifan hasken rana, wuta ta ɗauke, ruwan da ke ciki ya daskare. A watan Yuni aka aika Vladimir Dzhanibekov da Viktor Savinykh cikin Soyuz T-13. Tashar ba ta amsa kira, don haka Dzhanibekov ya haɗa kumbonsu da ita da hannu. Suka shiga cikin duhu da sanyi, sanye da hulunan ulu, suka juya ta ta fuskanci rana, suka yi ta cajin batura ɗaya bayan ɗaya, har ɗumi ya dawo, ƙanƙara ta narke. Tashar ta ci gaba da karɓar mutane har 1986. To, wannan ne za a kira da sunan aikin mai faci?

An kawo mana wasu kalmomi. Ceto, in ji wasu. Amma wanda aka ceta an fitar da shi daga halaka ne kawai, ba lalle ya koma aiki ba. Kwaskwarima kuwa ko kusa. Wannan sana'ar dillalan tsofaffin motoci ce, a shafa fenti a rufe tsatsa. Tayar da komaɗa ta fi daɗi a kunne, mun so ta ƙwarai, sai dai komaɗa ta kwano ce da ya lotse, alhali jikin Salyut lafiya lau yake, numfashi ne ya ɗauke.

Kalmarmu ita ce farfaɗowa. An farfaɗo da Salyut 7. Wani ɗan ajinmu ya ce ai mai rai ne ke farfaɗowa, ƙarfe ba ya suma. Muka tambaye shi, da agogonsa ya tsaya me yake cewa? Ya mutu. Mota ta mutu a hanyar Zariya, direba ya tura ta ta tashi, ba wanda ya taɓa cewa ya yi saɓo. Harshen da ya yarda ƙarfe ya mutu ba zai hana shi farfaɗowa ba.

Gyara tana da wurinta. Lokacin da 'yan sama jannatin Amurka suka ɓamɓare faifan Skylab da ya maƙale a 1973, gyara suka yi, domin tashar tana da sauran wuta. A bar kowace kalma a mazauninta, mai sauraren rediyo a Gumel ya san wane irin aiki aka yi a can sama.