Ƙungiyar Jahar Ohio: Yadda Masana Halayyar Ƴan Makaranta Suka Sami Bakin Magana

A kowane aji akwai yaron da karatu ya ƙi shiga kansa. Malami ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce shagwaɓa ce. A Amurka akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya binciko gaskiyar lamarin: ko yaron ba ya ji sosai ne, ko damuwa ce daga gida, ko kuwa salon koyarwar ne bai dace da shi ba. Shi ne masanin halayyar ƴan makaranta.

Tilas ce ta haifi wannan sana'a. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da gwajin basirar yara a Faransa. Zuwa 1918 kuwa duk jahohin Amurka sun wajabta sanya yara makaranta, azuzuwa suka cika da yara iri-iri, aka rasa yadda za a yi da waɗanda aka bari a baya. Tun 1915 jahar Connecticut ta ɗauki Arnold Gesell aiki da wannan laƙabi.

Amma ma'aikatan a warwatse suke, kowa na fama shi kaɗai a gundumarsa. A 1943 na jahar Ohio suka kafa ƙungiyarsu, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko irinta a matakin jaha.

Matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce ta takardar shaida. Babbar ƙungiyar masana halayya ta ƙasa, APA, ta fifita masu digirin dakta, alhali yawancin masu aiki cikin makarantu ba su da shi. Su ke ɗauke da kayan, wasu ke yanke hukunci a kansu. Saboda haka ƴan Ohio suka kira taro a birnin Columbus a 1968. A watan Maris na 1969, a St. Louis, aka kafa ƙungiyar ƙasa, NASP, kuma ƴar Ohio, Pauline Alexander, ta zama shugabarta ta farko.

Da dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara naƙasassu da auna buƙatunsu, ta tarar da sana'ar tana da masu magana da yawunta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin da bai haɗa kai da abokan sana'arsa tun daga jaharsa ba, wani ne zai faɗi darajar takardarsa, kuma yaron da ke bayan aji ne zai biya kuɗin.