Ƙwayar Da Ta Ƙi Mutuwa

Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina jikinmu. Wadda ta lalace ƙwarai takan kashe kanta domin sauran su tsira. Wani furotin mai suna p53, wanda masana suka gano a 1979, yana cikin masu ba da wannan umurni. Shi kuwa Bcl-2 aikinsa hana ƙwaya mutuwa. Idan p53 ya gaza, ko Bcl-2 ya yi yawa, sai gurɓatacciyar ƙwaya ta yi ta hayayyafa, har ta iya zama ƙari a ƙwaƙwalwa.

Saboda haka in ciwon kai da amai da sassafe sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, ko farfaɗiya ta fara kama babba, kada mu ce iska ce. Mu garzaya asibiti.