Wa Ke Rubuta Labarin Gwandu da Kalgo?

Duk mutumin Gwandu ko na Kalgo da ke da 'yar rediyo a gefen shimfiɗarsa zai iya faɗa maka abin da sanatoci suka tattauna jiya a Abuja, da inda aka kwana a yaƙin Sudan, da wanda ya ci ƙwallo a Ingila. Amma ka tambaye shi nawa ne ya shigo asusun ƙaramar hukumarsa a watan jiya, ko wa aka ba aikin gyaran famfon unguwarsu da ya daɗe bai kawo ruwa ba, sai ya ce maka Allah masani. Dalili a fili yake. Labarin nesa yana da ma'aikata masu cin albashi, su tattaro shi, su tace, su kawo masa tun kafin rana ta fito. Labarin ƙofar gidansa kuwa an bar wa majalisar hira ta unguwa.

Ni ɗan majalisa ne, kuma ba na jin daɗin masu raina ta. A Gwandu na tashi, harkar koyarwa ta zaunar da ni a Kalgo, kuma a duka garuruwan na san inda tabarmata take bayan La'asar. Abin da majalisa ke yi wa gari babu gidan jaridar da zai iya. In aka yi rasuwa da asuba, kafin hantsi labari ya kai Kambaza da Dalijan, ya kai Diggi da Zuguru, kuma mutane sun hallara wurin jana'iza ba wanda ya buga wa kowa kati. A teburin mai shayi na bakin tasha kake jin yadda buhun albasa ya kwana a kasuwar Aliero, ka yanke shawarar ko ka fitar da taka daga rudu ko ka ƙara haƙuri. Nan kake jin cewa ruwa ya fara hawa a fadama, masu shinkafa su yi hattara. Nan ake cewa wane yana kwance a asibiti, hannunsa babu ƙarfi, a zagaya da hula a haɗa abin da ya samu. Dattijo ya iso ya jingine kekensa ya ce, "Mi aka ciki?" kafin ya shanye shayinsa ya san halin da garinsa ya kwana.

Kuma majalisa tana da tata hanyar tace magana. Mai kawo labari yana zaune a gabanka, ka san shi, ka san ubansa. In ya zo da ƙarya yau, gobe ya dawo wurin nan ya zauna, kuma za a tuna masa. Akwai mutanen da in suka buɗe baki kowa zai yi shiru ya saurara, akwai waɗanda in sun gama sai a ce, "To, bari dai mu ji daga bakin wani."

Wannan tacewar ce wayar hannu ta zo ta rusa mana. Tun bayan harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, zukatan mutanen jihar Kebbi ba a kwance suke ba, kuma suna da hujja. Sai dai a cikin wannan fargaba saƙon murya ya samu wurin zama. Wani da ba a san sunansa ba, ba a san daga inda yake magana ba, zai ce an ga baƙi a kan babura sun nufo gari kaza. Cikin minti kaɗan saƙon ya zagaye duk zaurukan WhatsApp, mata sun kira 'ya'yansu daga makarantar allo, masu rumfuna sun fara haɗa kaya. Wani lokaci gaskiya ne, kuma saƙon ya ceci rai. Sau da yawa kuma tsohon saƙo ne daga wata jiha aka sake turowa. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wani wuri guda a cikin gari da mutum zai juya ya tambaya ya samu amsar da zai kwana a kanta. In ƙaryar ta yi yawa, ranar da gaskiya za ta zo ba wanda zai tashi.

Ko ba wayar ma, majalisa tana da iyakarta. Ba ta ajiye magana. Ɗan takara ya tsaya a ƙofar uban ƙasa ya yi alkawarin kwalbati da azuzuwa uku, shekara huɗu ta zagayo, a yi ta gardama kan ko biyu ya ce ko uku, ko ma shi ne ya faɗa ko abokin hamayyarsa. Ba ta kuma iya shiga ofis ta nemi takarda. Sannan rabin gari ba ya zama a cikinta. Matar da ta kwana a ɗakin haihuwa babu wuta, da wadda 'yarta ta daina zuwa makaranta saboda babu banɗaki, da mai sayar da ƙosai da aka tasa daga bakin titi, duk suna da labari, amma a gidan biki da gidan suna yake ƙarewa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane tun a ƙarni na 19 cewa in ana son magana ta shiga cikin gidaje sai an ba mata jagoranci, shi ya sa ta kafa 'yan taru, jagororinsu mata da ake kira jaji suna zagaya ƙauyuka da karatu. Mu da muke tinƙaho da ita mun bar wannan darasi a littafi.

Abin ya fi yi mini ciwo a kan Gwandu, domin gari ne da alƙalami ya gina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a nan a farkon shekarun jihadi kafin ya koma Sifawa. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daular har zuwa Nupe da Ilori, a nan hubbarensa yake. Malam Abdullahi bai tsaya ga tafsiri da fiƙihu kaɗai ba. A cikin Tazyinul Waraƙati ya ajiye mana labarin zamaninsa, har da abubuwan da ya gani a cikin jama'arsa da ba su yi masa daɗi ba, bai ɓoye ba. A Liya'ul Hukkami kuma ya shimfiɗa wa masu mulki abin da ke kansu. A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gwandu, kuma a nan ya samu kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Timbuktu, ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Daga garinmu Turai ta fara karanta wannan littafi. Yau in jikanka ya tambaye ka yadda ambaliyar 2020 ta yi da gonakin ƙasar nan, gidaje nawa suka faɗi a unguwarku, wa ya taimaki wa, ba ka da takarda ko ɗaya da za ka miƙa masa.

Tun da fadar masarauta ta koma Birnin Kebbi a zamanin Turawa, sannan aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 da hedikwata a can, idon kowa can ya koma. Sunan Gwandu yana fitowa a jarida kullum, amma masarautar ake nufi. Garin kansa, da kasuwarsa da lungunansa da samarinsa da ke tafiya cin rani in an gama girbi, ba safai ake jin ɗuriyarsa ba sai in wani babba ya zo ziyarar hubbare.

Matsalar Kalgo daban ce. Ita cika take yi, kuma da gudu. An kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga babban asibitin jiha da aka gina a garin. Ga hanyar da ke bi ta Bunza zuwa Kamba, bakin iyakar Nijar. Waɗannan sun jawo ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, har rayuwar gari ta fara barin tsofaffin unguwanni tana komawa bakin kwalta. Gonakin da muka sani ana shuka gero an yanka su fuloti-fuloti. Kuɗin hayar ɗaki ya tashi. Akwai magidantan da suka sayar da gonar gado suka ga kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba, yau ga su babu gonar babu kuɗin. Akwai kuma waɗanda suka gina ɗakunan haya suna ci da iyalinsu cikin rufin asiri. Ina hanyar ruwa za ta bi in an gama gine wuraren nan? An ware filin makaranta da maƙabarta da kasuwa? Wannan shi ne babban labarin Kalgo a wannan zamani, kuma ban taɓa ganin an zauna an bi diddiginsa daga farko zuwa ƙarshe ba. Wakilan manyan jaridu suna Birnin Kebbi, tafiyar 'yan mintuna, amma mutum ɗaya ne aka ɗora wa ƙananan hukumomi 21, editansa kuma labarin gidan gwamnati yake jira.

Ga abin da nake ganin za mu iya, ba sai mun jira kowa ba.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, adadin da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, ana wallafa shi a intanet. Me zai hana a kafa allo a bakin kasuwa da ƙofar sakatariya, a rubuta da Hausa, boko da ajami, abin da aka ware a wannan wata, abin da ya tafi albashi, da ayyukan da aka sa a gaba? Shugaban ƙaramar hukumar da ke aiki tsakani da Allah shi zai fi kowa cin ribar wannan allo, domin yanzu duk abin da ya yi a majalisa cewa ake ya ci fiye da haka. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan, mu ne ba mu saba ɗaukar biro mu rubuta wasiƙar tambaya ba.

Bayan allo, takarda. Ba ina maganar jarida mai shafi ashirin ba. Falle ɗaya, gaba da baya, duk mako biyu, a liƙa a masallatan Juma'a da tasha da asibiti, a kuma karanta ta da murya a tura a waya saboda waɗanda ba su iya karatu ba, amma mai karantawar ya faɗi sunansa da unguwarsu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya fara shiryawa a Zariya a 1939 ba ta fara da girma ba, kuma kwafi ɗaya mutum goma ke sauraro a zaure. Masu aikin suna nan. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da suka san kowane gida. Akwai malaman Islamiyya mata da ke shiga inda namiji ba ya shiga. Akwai ɗaruruwan ɗalibai a Kalgo da ake aikawa binciken kammala karatu, waɗanda zai fi musu amfani su ƙirga rijiyoyin burtsatsen da ke aiki a Etene da Kuka a kan su kwafo abin da wani ya rubuta a Legas. Gidajen rediyon Birnin Kebbi kuma su ware rabin sa'a a mako ga kowane gari, ba don gaishe-gaishe da tallan 'yan siyasa ba.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a majalisarmu. Garin kowa ɗan'uwan kowa ne. Kansilan da za ka tambaya surukin yayanka ne, ɗan kwangilar kuma a sahu ɗaya kuke sallah. Duk wanda ya yi tambaya za a ce ɗan adawa ne, ko an biya shi. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin kada aikin ya zama na mutum ɗaya. A sa shi a hannun ƙungiyar ci gaban gari, a samu dattawan da ake jin nauyinsu daga ɓangarorin siyasa daban-daban su tsaya masa, a yarda tun farko cewa ba a taɓa mutuncin iyalin kowa, ba a buga abin da ba a gani da ido ko a takarda ba, kuma duk wanda aka ambata sai an je an ji ta bakinsa. Kuɗin takarda da tawada masu shaguna goma za su iya ɗauka, in aka sa musu tallan kayansu a ƙasan shafi.

Ga iyayen ƙasa kuma ina da roƙo. Ranku ya daɗe, mai shela naku ne, kuma har gobe in ya zagaya an san magana daga gare ku take. Ku ba da lambar waya guda da kowa zai sani, wadda in jita-jitar tsaro ta tashi za a kira a ji gaskiya daga bakin wanda kuka wakilta, bayan ya tuntuɓi jami'an tsaro. Ku kuma ba da ɗaki ɗaya da akwati mai makulli, a riƙa ajiye kwafin kowace fitowa, ɗaya a Gwandu, ɗaya a ɗakin karatu na jami'a a Kalgo.